An kira ni intabiyu a Abuja, amma rabin abin da suke nema ban iya ba

Ɗan_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Wani kamfani mai raba intanet a Abuja, wajajen Utako, ya kira ni intabiyu ranar Alhamis ta sama. Aikin na duba matsalolin kwastomomi ne da saita musu na'urori. HND gare ni a kimiyyar kwamfuta, bara na gama bautar ƙasa. Na yi karatun CCNA, wato kwas ɗin kamfanin Cisco na haɗa sadarwar kwamfutoci, har ƙarshe amma ban zauna jarrabawar ba, dala 300 ba wasa ba ce. IP (adireshin na'ura a sadarwa) da sabnet da VLAN (hanyoyin raba sadarwa kashi-kashi) duk ina ganewa, na kuma daɗe ina haɗa su a Packet Tracer, manhajar gwaji ta Cisco. To amma a tallar aikin sun ce suna son wanda ya iya MikroTik (wani samfurin rauta, wato na'urar raba intanet), ya san Linux (babbar manhajar kwamfuta irin Windows), ya taɓa aikin faiba (wayar intanet mai aiki da haske), da gogewar shekara biyu. MikroTik a hoto kawai na san shi. Linux na taɓa sa wani nau'insa, Ubuntu, na goge. Faiba kuwa ko riƙe ta ban taɓa yi ba. Ban rubuta ko ɗaya daga cikinsu a CV ɗina ba. In je ko in haƙura? Kuɗin mota daga Jos ma rance zan yi. In kuma zuwa zan yi, me zan karanta kafin ranar?

Baffa_Terminus:
Wa alaikumus salam. Ka je. Su suka ga CV ɗinka suka kira ka, ba kai ka kai kanka ba.

Sani_Kubwa:
Ka je mana, kuma in sun tambaye ka ka iya MikroTik ka ce eh da ƙarfinka. Kowa haka yake yi a garin nan. In aiki ya samu ga YouTube nan, sati biyu ka gane kan abin. Gaskiya da yawa ba ta biyan kuɗin haya a Abuja.

Injiniya_Hauwa:
Ƙanina Ɗan_Rikkos, ka yi wa Allah kada ka ɗauki maganar Sani. Ina cikin masu zama a teburin intabiyu a wurin aikinmu, kuma irin ma'aikatan da ka ambata muke ɗauka. Ba ma tsayawa a kan "ka iya?". Rauta za a ajiye maka da laftof, a miƙo maka waya a ce ga intanet nan, ka sa laftof ɗin ya hau. Akwai wani yaro da ya cika mana baki cewa shekararsa uku yana aiki da MikroTik, da aka juya masa laftof ya rasa inda zai danna a WinBox, manhajar da ake saita MikroTik da ita. Abin takaicin shi ne sabnet ɗinsa ya fi na kowa kyau a ranar. Amma daga nan oganmu ya daina sauraronsa, don duk abin da ya faɗa sai ka ji kana kokwanto. Wadda muka ɗauka ranar cewa ta yi ba ta taɓa taɓa MikroTik ba, Cisco ta sani, amma in an bar ta za ta nemi inda ake sa adireshi da inda ake NAT, wato sa na'urori da yawa su fita intanet da adireshi ɗaya, don ta san dole suna nan. Ta ɗau lokaci, ta yi tambaya sau biyu, laftof ya hau.

Sannan ka gane yadda ake rubuta tallar aiki. Shugaban sashe ne zai lissafa duk abin da mutum uku suke yi a ofis, masu kula da ma'aikata su kwashe su zuba a takarda ɗaya. Wanda ya cika duka sharuɗɗan nan ba zai zo aikin matakin farko ba, albashinsa ya wuce nan. Abin da ba za mu iya koya wa mutum a wata ɗaya ba shi ne fahimtar yadda IP ke aiki da yadda ake bin diddigin matsala. Wannan ka ce kana da shi. Sauran a bakin aiki ake koyo.

Sani_Kubwa:
Hajiya, wurinku ne haka. Wasu wuraren wanda ke intabiyun ma bai san rauta ba, takarda ce a hannunsa yana sa alama. Ka ce a'a, ya ja maka layi, shi ke nan.

Injiniya_Hauwa:
Akwai irin su, ban musa ba. Amma kamfanin raba intanet da wuya ya ɗauki injiniya ba tare da injiniya ya gwada shi ba. Kuma ni ban ce ya ce "a'a" ya yi shiru ba.

Oga_MaiRauta:
Bari in taimaka da abin da zai yiwu kafin Alhamis ɗin. Ɗan_Rikkos, ba sai ka sayi rauta ba. MikroTik suna da wani nau'in RouterOS, manhajar rautarsu, da ake kira CHR wanda ke tafiya a cikin kwamfuta, kyauta ne, iyaka dai sun ƙayyade masa gudu zuwa 1Mbps, kuma don koyo wannan ya ishe ka. Ka sauke shi daga shafinsu, ka sa a VirtualBox (manhajar da ke tafiyar da wata kwamfuta a cikin taka), ka sauke WinBox. Packet Tracer ba zai yi maka wannan ba, na Cisco ne kaɗai.

Abin da za ka maimaita har hannunka ya saba: sa adireshin IP a ƙofa, karɓar IP daga sama da DHCP (tsarin da ke raba adireshi kai tsaye), raba wa na ƙasa IP da DHCP, sa hanyar fita, NAT irin na masquerade, da rage wa kwastoma gudu da Simple Queue. In lokaci ya rage ka taɓa PPPoE, don yawancin masu raba intanet da shi suke shigar da kwastomominsu, kowa da sunansa da lambar sirrinsa. Duk waɗannan ka san ma'anarsu daga CCNA, wurin da aka ajiye su ne kawai ya bambanta, kamar direban da ya saba da Toyota aka ba shi Peugeot. Ka kuma riƙe cewa sabuwar rautar MikroTik da adireshin 192.168.88.1 take zuwa. Ana yawan tambayar wannan don a gane wanda ya taɓa buɗe kwali.

In ka yi haka, ranar intabiyu ba ƙarya za ka yi ba. Cewa za ka yi ban taɓa aiki da shi a wurin kwastoma ba, amma da na ga tallarku na sa CHR na saita kaza da kaza, ga shi a laftof ɗina in kuna son gani.

Baba_Alhassan:
Yara, ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga kowa zai loda masa karatu. Mutum ɗaya, mako guda, MikroTik da Linux da faiba? Zai je da kai cike da rabi-rabi, wanda ya sani ɗin ma ya ruɗe masa. Ni tun zamanin NITEL nake harkar waya, kuma abin da na gani shi ne mutum ya fi faɗuwa a kan abin da ya rubuta cewa ya iya. Ɗana, ka fara komawa kan CCNA ɗinka, shi ne a takardarka, a kansa za su fi matsa ka. Sannan ka zaɓi ɗaya daga cikin ukun ka ba shi ƙarfi.

Oga_MaiRauta:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Shi ya sa na ce MikroTik, shi ya fi kusa da abin da ya riga ya sani.

Ummu_Amir:
Ni tambayata daban ce. Ka tabbatar kamfanin na gaske ne? Ka duba adireshinsu, ka ga suna da shafi, ka kira lambar ofis. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin intabiyu, ka rabu da shi. Ƙanin mijina an taɓa kiransa irin haka, ya je ya tarar taron masu tallar maganin ƙarin lafiya ne.

Ɗan_Rikkos:
Na gode Anti. Na duba, wani abokina da ke Jabi ya ce ya san ofishin, motocinsu ma yana gani da tsani a sama. Ba su nemi ko sisi ba. Baba na ji shawararka, Oga_MaiRauta ina kan sauke VirtualBox ɗin yanzu.

MaiFaiba_Bukuru:
Faiba kam kada ka wahalar da kanka, ba a koyon haɗa ta a waya. Sai ka riƙe abin yanka, ka lalata 'yan zaruruwa, hannu ya saba. Amma akwai abubuwan da in ka sani za su ga ba baƙo ba ne kai. A ofis akwai OLT, na'urar da ke tura haske cikin faiba, a gidan kwastoma akwai ONT mai karɓarsa, tsakaninsu akwai abin da ke raba haske gida-gida. In fitilar LOS ta yi ja a jikin ONT, haske ba ya isowa: ko waya ta tsinke, ko an lanƙwasa ta da yawa, ko kan ya yi datti. Ana auna hasken da dBm, kuma in ya kai wajen -27 ko -28 ya yi rauni, kwastoma zai fara kuka. Kan waya kore shi ne APC, shuɗi UPC, ba a haɗa kore da shuɗi. OTDR shi ke nuna maka a mita nawa waya ta yanke. Kuma kada ka taɓa leƙa bakin faiba da ido, hasken ba a ganinsa amma yana lahani.

In kana da lokaci ranar Asabar ka same ni, muna da aiki wajen Rayfield, ka tsaya ka ga yadda ake haɗawa. Gani ya kori ji. Ka turo min saƙo ta gefe.

Ɗan_Rikkos:
Kai, Allah ya saka da alheri Yaya. Zan zo in sha Allah.

Garba_Nyanya:
Duk wannan dogon turancin ne. Aiki a Abuja wa ka sani ne. Sun riga sun san wanda za su ɗauka, ku ana kiran ku ne a cika ƙa'ida. Ka ci bashi ka zo ka koma, ga bashi ga takaici.

Yar_Gwarinpa:
Malam Garba, a aikin gwamnati zan iya yarda da kai. Amma ɗan kasuwa da kwastomominsa ke barazanar komawa Starlink ba zai ɗauki ɗan ƙanwarsa da bai san IP ba ya tura shi gidan mutane. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a farkon 2023 ƙananan kamfanonin nan suke a takure, in intanet ɗin mutum ya kwana biyu a mace sai ya tattara ya tafi. Masu iya gyara suke nema ido rufe. Ni ba wanda na sani a inda nake aiki.

Garba_Nyanya:
Ke kin yi sa'a ne.

Baffa_Terminus:
Ko sa'ar ce ai sai wanda ya je take samu, Garba.

Injiniya_Hauwa:
Mu bar gardama mu gwada shi. Ƙanina, ga tambaya biyu irin waɗanda muke yi. Ta farko: 192.168.10.77/26, faɗa min farkon sabnet ɗin da ƙarshensa da yawan na'urorin da zai ɗauka. Ta biyu: kwastoma ya kira yana faɗa, ya ce intanet ba ya yi. Me za ka yi? Kada ka duba ko'ina.

Ɗan_Rikkos:
Ta farko: yana farawa daga 192.168.10.64, ƙarshensa .127, na'urori 62, daga .65 zuwa .126. Ta biyu: zan ce ya kashe rauta ya kunna, in bai yi ba in je gidan in duba saitin.

Injiniya_Hauwa:
Ta farko ka ci, kuma wallahi da yawa masu satifiket a nan suke faɗuwa. Ta biyu kuma ba ka kasa ba amma ba ka burge ni ba. Ka tsallake tambaya. Kafin ka sa shi ya kashe komai, ka ji: duk na'urorin gidan ne ko waya ɗaya? Tun yaushe? Wace fitila ce a kunne, wace ce ja? Kuɗinsa bai ƙare ba? Maƙwabtansa da ke kan layi ɗaya su ma sun kira? In unguwa guda ce ta ɗauke, zuwa gidansa ɓata man mota ne.

In ka zauna gaban kwamfutar kuma, daga ƙasa ake farawa. Waya a soke take? Ta samu IP? In ka ga adireshi mai farawa da 169.254, DHCP bai ba ta komai ba. In IP lafiya, ka yi ping ɗin rauta, wato ka aika mata saƙon gwaji ka ga ko za ta amsa. In ya yi, ka yi ping ɗin 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet. In wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa da suna, matsalar DNS ce, mai fassara sunan shafi zuwa IP. Kuma duk abin da kake yi ka riƙa faɗa da baki, don tunaninka muke son ji. Wanda ya yi shiru yana danne-danne, ko ya gyara ba mu san ko dace ya yi ba.

Sadiq_Linux:
Tunda kowa ya manta da Linux bari in sa baki. A aikin tallafi ba za su ce ka gina saba (server) ba. Su dai su ga baƙin allo bai firgita ka ba. Tunda ka riga ka sa VirtualBox, ka ƙara Ubuntu Server a ciki, ko in Windows 10 ko 11 gare ka ka kunna WSL, mai tafiyar da Linux a cikin Windows. Ka iya shiga wata na'ura da ssh, ka duba adireshi da ip a, ka zagaya da cd da ls, ka nemi kalma a fayil da grep, ka karanta ƙarshen fayil da tail, ka duba ko wani aiki na tafiya da systemctl status. Yamma ɗaya ta isa. Ka san ssh a ƙofa ta 22 yake, DNS 53, HTTPS 443.

Baba_Alhassan:
Kun gani ko? Yamma ɗaya, Asabar ɗaya, dare ɗaya. Yaron nan yaushe zai yi barci?

Sadiq_Linux:
Baba a yi haƙuri, ni na ƙarshe ne a layi. In lokaci bai kai ba ya bar nawa.

Kawu_Direba:
Ni ban san IP ba amma na san hanya. Kada ka kuskura ka ce za ka taso daga Jos da asuba ranar intabiyun. Ka taho ranar Laraba da rana tsaka, ka sauka Hawan Kibo ido na gani, ka kwana a Abuja. In a Mararaba ko Nyanya za ka sauka, ka fito tun bayan sallar asuba, don cunkoson safe daga can zuwa AYA yana iya cinye maka awa biyu. Kuma ka bar rigar sanyin nan taku ta Jos a gida, nan zufa za ka yi.

Yar_Gwarinpa:
Kawu ya taɓo inda nake so. Ka lissafa maganar albashi tun yanzu, don za su tambaye ka nawa kake so. Kuɗin da zai riƙe ka a Jos a nan kuɗin mota ne kawai. Ka tambayi masu zama Kubwa ko Lugbe nawa suke kashewa zuwa Utako kullum, ka ɗora haya da abinci. Kada don ka ga ba ka cika sharuɗɗa ba ka karya farashin kanka har ƙasa. Ka tambaye su ko akwai kuɗin zirga-zirga, ko ana aikin dare da ƙarshen mako, ko suna biya wa ma'aikaci jarrabawa irin CCNA ko MTCNA ta MikroTik bayan ya daɗe.

Garba_Nyanya:
Mutum bai samu aiki ba kuna koya masa ciniki.

Sani_Kubwa:
Ni har yanzu ina kan bakana, sai dai na ɗan sassauta. In ya yi kwana biyar yana wasa da CHR ɗin nan, me zai hana ya ce ya iya? Ai ya iya ɗin. Ba sai ya tsaya bayanin cewa a VirtualBox ne ba.

Oga_MaiRauta:
Don tambaya ta gaba ita ce "a ina ka yi aiki da shi, kwastoma nawa ne a kai?" A nan zai fara ƙirƙirar kamfani. Abuja kuma ƙarama ce a harkar nan, duk mun san juna.

Ummu_Amir:
To maganar gogewar shekara biyun fa? Ba wanda ya ce komai a kanta.

Injiniya_Hauwa:
Ya lissafa abin da ya yi da hannunsa ko ba a biya shi ba. Ƙanina, a bautar ƙasa me ka yi? Lokacin IT fa, wato koyon aiki na ɗalibai?

Ɗan_Rikkos:
A bautar ƙasa makarantar sakandare aka kai ni, ni na haɗa musu ɗakin kwamfuta na jarrabawar CBT, na ja waya, na matse kawunan wayoyin, na saita suwic da rauta. IT kuma a wani shagon gyaran kwamfuta na yi a Ahmadu Bello Way. Ban ɗauka waɗannan suna cikin lissafi ba.

Injiniya_Hauwa:
Ikon Allah. Kana da wannan kake cewa ba ka da komai? Wannan shi ne labarin da za ka ba su. Ka tuna matsala guda da ta taso a ɗakin nan, yadda ka gano ta, da yadda ka gyara. In kana da hotuna ka tafi da su. Bai kai shekara biyu ba, kada ka ce ya kai, amma aiki ne na gaske.

Sadiq_Linux:
Wata dabara kuma: ka kwafi tallar aikin ka ba ChatGPT, ka ce ya zama mai intabiyu ya riƙa jefo maka tambaya ɗaya-ɗaya. Yana taimakawa wajen saba baki da Turancin. Amma lissafin sabnet ka riƙa tabbatarwa da kanka, yakan yi kuskure kuma ba ya jin kunya.

Baba_Alhassan:
Gara ya samu mutum ya zauna gabansa ya tsare shi da ido. Na'ura ba ta sa gaba ya faɗi.

Ɗan_Rikkos:
Na yanke zan je, na kuma gode wa kowa, har Malam Garba. Amma ga matsala tun yanzu. CHR ya tashi a VirtualBox, na shiga da admin, ya sa na canza lambar sirri. WinBox kuma ya ƙi ganin sa, wajen Neighbors, inda yake jera rautocin da ya gano, fayau ba komai.

Oga_MaiRauta:
Katin sadarwar da ka ba shi a VirtualBox a kan me yake? In NAT ne ba zai gan shi ba. Kashe shi ka mayar Bridged ko Host-only.

Injiniya_Hauwa:
Oga da ka bari ya nemo da kansa, ai intabiyun ke nan aka fara.

Ɗan_Rikkos:
NAT ne kuwa. Na mayar Bridged, yanzu ya fito da MAC, wato lambar katin sadarwar, amma adireshin 0.0.0.0 yake nunawa. In shiga ta MAC ɗin ko in jira?

Sani_Kubwa:
Shiga ta MAC. Wannan kam ko ni na sani.